Gyaran jinkar kaba bayan habub (guguwar ƙura ta Sudan): tambayoyi da amsoshi

Iska ta yaye gefen jinkar gutiyata (bukkata mai zagaye) a Gadarif, gabashin Sudan. Daga ina zan fara?

Daga ciki. Shiga ɗaki da rana tsaka ka ɗaga kai: duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi. Sannan ka girgiza sandunan tsaiko ɗaya bayan ɗaya. Wanda gara ta ci za ka ji shi fayau, garin itace na zubo maka a hannu. Sauya shi kafin ka taɓa kaba, don baibaya a kan ruɓaɓɓen tsaiko asarar kuɗi ce.

Me ya sa tawa ta yaye, ta maƙwabci ko gezau?

Galibi laifin ɗauri ne. Habub kan taso daga Mayu zuwa Yuli, bayan zafin rani ya gama busar da igiya har tana karyewa a hannu. Iskar ta ƙarƙashin bakin jinka take shiga ta ɗaga, to in layin ƙasa ya saki, sauran sai su bi shi. Ga kuma baƙar ƙasar Gadarif da Sinnar, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina. Tana karkatar da dirka, jinka ta zauna a karkace, ɗauri ya yi sako-sako.

Yaya ake jera sabuwar kabar?

Cire duk wadda ta yi baƙi ko ta ruɓe, har taƙi ɗaya cikin mai lafiya. Jiƙa igiyar kabar goruba tun da dare, busasshiya karyewa take wajen ƙulli. Fara daga ƙasa ka yi sama, kowane layi ya rufe kashi 2 cikin 3 na wanda ke ƙasa da shi, bakin ganye na kallon ƙasa. Layin ƙarshe a cusa shi ƙarƙashin tsohuwar kabar da ke sama, kada a ɗora a kanta. Nan masu gaggawa ke kuskure, ruwan farko ya tona musu asiri. Ɗaure kowane layi a jikin tanka, layin ƙasa kuwa ɗauri biyu. Mutum biyu ake so, ɗaya a sama, ɗaya a ciki yana mayar da igiya.

In rufa leda kafin nan?

Na 'yan kwanaki, e. In ta daɗe tana riƙe laima, kaba ta ruɓe a ƙarƙashinta.

Jinkar ta lotsa a tsakiya, faci zai yi?

A'a. Jinka na son gangara kamar digiri 45. In ta kwanta, ruwa zama yake a kanta. Sauke ta a sake ɗaura tsaiko.