Garmaho mai wani: ƙirar sassansa da yadda yake fitar da sauti

Garmaho mai wani na'ura ce da ke fitar da sautin da aka ɗauka a kan silinda ko faifai ba tare da lantarki ko batir ba. Irinsa ne ya yi tashe daga shekarun 1890 zuwa wajen 1925, lokacin da ɗaukar sauti da lantarki ta fara ture shi. Babu abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi a cikinsa. Duk muryar da kunne ya ji daga ƙarfin sifirin ɗin (naɗaɗɗiyar tsiriyar ƙarfe) da aka yi wa wani da hannu ta fito: sifirin ya juya faifai, kwarin da ke jikin faifan ya kaɗa allura, allura ta kaɗa tantani, tantani ya tura iska cikin ƙaho. Saboda haka aikin maƙeransa duka ya tattara ne kan matsala ɗaya, wato yadda ɗan motsin da bai kai kaurin gashi ba zai isa ga iska ba tare da ya salwanta a hanya ba, kuma ba tare da allura ta cinye faifan ba.

Daga fallen kuza zuwa kaki

A 1857 wani Bafaranshe, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya ƙera na'urar da ke zana kaɗawar murya a kan takardar da aka shafa wa baƙin hayaƙi, amma ba ta iya maido da sautin. Wadda ta fara yin duka biyun ita ce ta Thomas Edison, wadda makanikinsa John Kruesi ya haɗa a Menlo Park, jihar New Jersey ta Amurka, a ƙarshen 1877. Gangar ƙarfe ce mai zaren sukuru a jiki, an naɗe ta da fallen kuza, ana juya ta da hannu. Mai magana ya yi ihu a bakin tantani, allurar da ke manne da shi ta riƙa lotsa fallen, wani wuri da zurfi wani wuri sama-sama. Fallen yakan lalace bayan an saurara sau kaɗan, in kuma aka cire shi daga gangar da wuya ya koma daidai.

Gyaran ya zo daga ɗakin bincike na Volta a Washington, inda Alexander Graham Bell da Chichester Bell da Charles Sumner Tainter suka sami lasisin ƙirarsu a 1886. Sun shafa kaki a kan silindar kwali, suka sa wuƙa mai kaifi ta riƙa yanke kakin tana fitar da shi maimakon lotsa shi, suka kuma bar allurar saurare tana lilo don ta bi kwarin da kanta. Edison ya dawo a 1888 da silindar kaki zalla.

Kwari iri biyu

A tsarin Edison allura sama da ƙasa take motsi, sautin yana cikin zurfin kwarin. Emile Berliner, Bajamushen da ke zaune a Washington, ya ɗauki wata hanya a 1887: faifai shimfiɗaɗɗe, kwari mai zurfi ɗaya, sautin yana cikin karkacewarsa hagu da dama. Da farko yakan shafa kaki a farantin tutiya, allura ta zana layin, sannan a tsoma shi a asid ya ci wurin da aka kankare.

Wannan bambanci shi ya raba ƙirar injinan biyu. Kwarin silinda ba shi da zurfin da zai ja kan na'urar gaba, don haka sai da aka sa doguwar sanda mai zaren sukuru a gefe, da rabin noti da ke hawa kanta yana tura kan sannu a hankali. Silindar minti 2 tana da layi 100 a kowane inci, kuma daga 1902 tana juyawa sau 160 a minti. Ta minti 4 da ta fito a 1908 layi 200 gare ta, dole aka ƙara giyar da ke rage saurin sandar da rabi. Kwarin faifan Berliner kuwa yana da bango biyu masu ƙarfi da ke jan allura da kan garmahon gaba ɗaya zuwa tsakiya. Sandar sukuru ta zama ba ta da amfani, injin ya yi araha, kuma faifai ya fi silinda sauƙin bugawa da yawa daga uwa guda. Abin da aka biya a madadin haka shi ne nauyin aikin ya koma kan bangon kwarin.

Silinda ta fi faifai a abu guda. Gudun kwarinta a ƙarƙashin allura ba ya canzawa, kusan santimita 46 a daƙiƙa daga farko har ƙarshe. A faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 78 a minti, gudun yakan fara da kusan mita 1 a daƙiƙa a baki, ya sauko ƙasa da rabin haka kusa da tsakiya. Shi ya sa ƙarshen waƙa ya fi dushewa.

Kan garmaho

Nan ne zuciyar na'urar. Ɗan gwangwani ne zagayayye mai faɗin da bai wuce tafin hannun yaro ba, a cikinsa akwai tantani da aka matse tsakanin zoben roba biyu. Aikinsa ɗaya da na fatar kalangu, sai dai a nan sanda ce ke kaɗa shi daga tsakiya. An gwada gilashi da tagulla da alminiyam, amma wanda ya fi yawa shi ne maika, wani dutse da ake ɓarewa falle-falle, mai haske kamar gilashi, marar nauyi kuma mai tauri. Waɗannan siffofi biyu ake nema: in tantani ya yi nauyi ba zai bi kaɗawa mai sauri ba, sai siraran muryoyi su ɓace, in ya yi laushi sai tsakiyarsa ta motsa gefensa ya ƙi, iskar da zai tura ta ragu.

Sandar allura tana kwance a fuskar tantanin. Ƙarshenta ɗaya an ɗaure shi a tsakiyar tantani da ɗan sukuru, an toshe wurin da ɗigon kakin zuma don kada iska ta zurare. Ɗaya ƙarshen yana da rami da sukurun da ake matse allura da yatsa. A bakin gwangwanin sandar take da madogara, bisa tsini biyu ko bakin wuƙa, da ƙananan sifirin da ke riƙe ta. Daga madogara zuwa tsakiyar tantani ya fi tsawo a kan daga madogara zuwa tsinin allura, don haka tantanin yakan motsa fiye da yadda kwarin ya karkace. Saitin waɗannan sifirin aikin haƙuri ne. In an matse su da yawa sandar ta ƙage, allura ta riƙa gurzar bangon kwari, a ga baƙin gari yana taruwa a tsininta. In an sassauta sai ta riƙa ɓari a duk inda murya ta ɗaga. Daidai shi ne sandar ta taɓa tsakiyar tantani ba tare da ta tura shi ko ta ja shi ba kafin a ɗaura sukurun.

Kan na'urar Edison daban yake, tunda motsin sama da ƙasa ne. Tantanin a kwance yake, a ƙarƙashinsa akwai wani nauyi mai hinji da ke lilo, ɗauke da 'yar sanda mai tsinin yaƙutu, wadda siririyar waya ta haɗa da tantanin. Nauyin yakan bi tangaɗin silindar da ba ta zauna daidai ba, yana hawa yana sauka a hankali, amma ya yi nauyin da ba zai bi kaɗawar sauti ba, sai ita ta wuce kai tsaye zuwa tantani. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma da ita aka yi faifan Diamond Disc na 1912, mai kaurin rubu'in inci, layi 150 a inci, juyi 80 a minti, da allurar lu'ulu'u da ba a canzawa. Kamfanin Pathé na Faransa shi ma sama da ƙasa yake yanka kwarinsa, amma da ɗan dunƙulen yaƙutu ake saurarensa.

Allura

Faifan garmaho ba roba ba ne. Haɗi ne na shalak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, da garin dutse wanda shi ne ma ya fi yawa. Kan garmaho yakan danna allura da nauyin da ya haura giram 100, duk a kan tsinin da ido ba ya gani sosai. An tsara abin ne yadda allurar ƙarfe za ta ci, faifai ya tsira: a juyin farko garin dutsen yakan goge tsinin ya zauna daidai da kwarin. Amma kwarin fuska ɗaya ya fi mita 100 tsawo, kafin a kai ƙarshe tsinin ya yi kafaɗu masu kaifi. Ƙa'ida ita ce allura ɗaya, fuska ɗaya. Wanda ya juya tsohuwar allura don ya yi tsimi ya mai da ita kurfi, faifansa zai yi fari-fari a wuraren da murya ta fi ƙarfi.

Da kaurin allura ake zaɓar ƙarfin sauti. Mai kauri ba ta lanƙwasa, duk motsin yana isa ga tantani. Siririya takan shanye wani abu, sauti ya yi taushi. Akwai ta gora mai kusurwa uku da ake fiƙewa da ɗan almakashi na musamman, da ta ƙaya, waɗanda ba sa cin faifai amma tsininsu kan karye a tsakiyar waƙa mai ƙarfi. Allura tana zama a karkace, wajen digiri 60 daga fuskar faifai, tana kallon inda faifan ke tafiya.

Bututu da ƙaho

Tantani shi kaɗai a fili kusan ba ya jin nauyin iska, yana kaɗawa ne a banza. Ƙaho ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya tara iska a ƙuntataccen wuya inda tantanin zai sami abin turawa, sannan ya buɗe sannu a hankali har matsin ya bazu a faɗin baki. A injinan Berliner na farko kan yana manne da ƙahon kai tsaye, faifai na ɗauke da wani kaso na nauyinsa. A farkon shekarun 1900 kamfanin Victor na Eldridge Johnson, a Camden ta jihar New Jersey, ya raba su da bututu mai juyawa wanda ke faɗaɗa kaɗan-kaɗan, ƙaho ya sami wurin zama nasa, ya kuma sami damar girma. A 1906 aka ɓoye shi cikin kabad a samfurin Victrola. Kyan gani ya ƙaru, amma ƙahon ya gajarce, kuma ƙofofin gabansa su ne abin rage murya.

Babbar murya, wato mai kauri, ita ce ta fi wuya. Sauti mai kaɗawa 100 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, ƙaramin ƙaho ba ya iya ɗaukarsa. Ɗaukar sauti ta wancan zamani ma ba ta wuce daga wajen kaɗawa 250 zuwa 2,500 a daƙiƙa ba. Sai a 1925 Joseph Maxfield da Henry Harrison na ɗakunan binciken Bell suka lissafa hanyar sautin duka, daga allura zuwa bakin ƙaho, da irin lissafin da ake yi wa layin tarho. Sakamakon shi ne Orthophonic Victrola: tantanin alminiyam mai ninƙi-ninƙi, da ƙaho wanda faɗin cikinsa ke ninkawa biyu a kowane taki daidai, an naɗe tsawon ƙafa 6 cikin kabad a babban samfurin. Ya fitar da kusan kaɗawa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa, duk da haka ba lantarki. Ƙananan na akwati masu mariƙi, irin samfurin 101 da 102 masu tambarin HMV (His Master's Voice) na Birtaniya, waɗanda irinsu suka yaɗu har Afirka ta Yamma, ƙahonsu yana naɗe ne a ƙarƙashin faranti kewaye da injin.

Injin wani

Johnson ne ya ƙera wa garmahon Berliner injin sifirin mai aiki a 1896. Sifirin ɗin doguwar tsiriyar ƙarfe ce naɗe cikin gwangwani cike da giris, manyan injina suna da biyu zuwa huɗu. Ƙarfinsa yana raguwa yayin da yake warwarewa, kuma jan allura yana canzawa, don haka aka sa madaidaicin gudu: sanda mai juyawa da sauri, ɗauke da dunƙulen ƙarfe uku, kowanne a kan fallen sifirin. Gudu na ƙaruwa sai dunƙulen su buɗe, su jawo wani faranti ya gogi ɗan ƙyallen ulu ko fata mai mai, injin ya lafa. Maɓallin saurin da ke sama matsayin wannan ƙyalle kawai yake matsarwa.

Inda yake lalacewa

Yawancin tsofaffin garmaho masu zuza ba faifai ne matsalarsu ba, zoben robar ne ya bushe ya ƙage, tantani yana karo da ƙarfe. Canza shi kan dawo da babbar murya nan take. Kowace kafa da iska ke zurarewa a mahaɗar bututu tana rage ƙarfi, shi ya sa ake shafa musu giris. Ƙarar "dum" daga cikin akwati alamar giris ɗin sifirin ya daskare ne, naɗin yana mannewa sannan ya ɓalle. Sai an wanke an sake sabo, kuma fitar da sifirin daga gwangwaninsa na iya yanke yatsa, ba a yinsa ba safar hannu mai kauri. Murya mai rawa daga madaidaicin gudu take: fallensa ɗaya ya gaji, ko ƙyallen ya bushe. Fallayen ukun tare ake canza su, don in ɗaya ya fi sauran tauri sandar za ta riƙa girgiza. Ana auna gudu da ɗan guntun takarda a gefen faranti, a ƙirga juyi 39 a daƙiƙa 30, allura tana kan faifai.

Wasu kawunan na shekarun 1920 da aka zuba da haɗin tutiya marar kyau sukan kumbura su tsattsage da kansu, ba su da gyara sai sauyi. Ba a goge faifan shalak da sinadari mai barasa, narkar da shi yake yi. Ba a ɗora allurar ƙarfe a kan faifan Edison ko na roba na zamanin baya. Silindar kaki kuma da yatsu biyu ake ɗaukarta ta ciki, domin maiƙon hannu na jawo mata fumfuna, kuma in aka fito da ita daga sanyi aka zura a gangar nan take tana iya tsagewa.