Waiwaye: Kifin Seattle da ke mutuwa da ƙwai a ciki

Tun ƙarshen 2020 ake ta ka-ce-na-ce a Amurka kan wani sinadari mai suna 6PPD, wanda ake haɗawa da robar taya don kada iska ta tsattsaga ta. Wasu na cewa a haramta shi, tunda ya tabbata yana kashe kifin salmon nau'in coho. Wasu kuma na cewa a bi a sannu, don ba a samu abin da zai maye gurbinsa ba tukuna, kuma tayar da ke fashewa a babbar hanya ba abin wasa ba ce. A 2023 ƙabilu uku na 'yan asalin ƙasar, Yurok da Puyallup da Port Gamble S'Klallam, suka kai koke ga hukumar kare muhalli ta ƙasa, ta kuma karɓa. Mai sauraron muhawarar zai ɗauka rana ɗaya aka wayi gari da matsalar. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne a jihar Washington, inda birnin Seattle yake. A yarjejeniyoyin 1854 da 1855 ƙabilun gaɓar Puget Sound, mashigin tekun da Seattle ke bakinsa, sun ba da ƙasa amma sun riƙe haƙƙinsu na kamun kifi. Daga nan aka sare dazuzzuka, aka tusa ƙananan rafuka cikin bututu, a 1916 kuma haƙa mashigar jiragen ruwa ya sauke Tafkin Washington da kimanin ƙafa 9 har kogin Black ya ƙafe. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta fi auna bututun masana'antu da na bahaya, ruwan da ke kwarara daga titi bai samu cikakken gurbi a cikinta ba sai 1987. A 1974 kotu ta tabbatar wa ƙabilun rabin kifin da za a kama. A 1999 aka sa salmon nau'in chinook na yankin cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a wani ɗan rafi da ke yammacin Seattle, Longfellow. A shekarun 1990 an kashe kuɗi da ƙarfi wajen gyara rafukan birnin: an dasa itatuwa a gaɓa, an zuba tsakuwa, an jefa kututtura don kifi ya samu maɓoya, an buɗe kwalbatocin da ke tare masa hanya. Kifi ya dawo, kowa ya ji daɗi. Da an tsaya nan aka ɗauki hoto, da shi ke nan. Sai aka tura mutane su riƙa bin rafin a ƙafa, daga Oktoba zuwa Disamba, suna ƙirga abin da ya shigo.

Ganin mushen salmon a rafi ba abin tayar da hankali ba ne. Haka rayuwar coho take: a ƙyanƙyashe shi cikin tsakuwa, ya yi kimanin shekara a rafi, ya tafi teku, ya dawo yana ɗan shekara uku ya zuba ƙwai ya mutu. Don haka mai ƙirga gawa kawai zai rubuta cewa aiki ya yi kyau. Masu bin rafin ba su tsaya a ƙirga ba. Sun riƙa ɗaga macen su sa wuƙa su tsaga cikinta. Wadda ta sauke nauyinta cikinta fayau yake, wutsiyarta ta tsattsage saboda tonon tsakuwa. Waɗannan kuwa jikinsu sumul, har da ƙyallin teku bai bar su ba, ciki cike maƙil da ƙwai. Waɗanda aka riska da rai ana ganinsu a saman ruwa suna zagaye kamar masu jiri, baki a buɗe, su kife gefe ɗaya, cikin 'yan sa'o'i su mutu. Kusan kullum bayan an yi ruwan sama ne.

Daga farkon shekarun 2000 masanan NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, suka shigo aikin, aka jera shekaru ana tsaga ciki ana rubutawa. A rafin Longfellow, matan da ke mutuwa kafin zuba ƙwai sun kama daga kashi 60 zuwa 100 cikin ɗari, gwargwadon shekara. A rafin da ke daji kusan babu irin wannan. Wani abin mamaki, salmon nau'in chum da ke shan ruwa ɗaya da coho ko a jikinsa.

Sai aka shiga cire waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Cuta ba ita ba ce, zafin ruwa da ƙarancin iska ma ba su ba ne. Aka haɗa ƙarafa da sinadaran man fetur irin na titi aka zuba wa kifi a tanki, bai mutu ba. Aka tari ruwan da ya gangaro daga babbar hanya aka zuba, duk suka mutu cikin sa'o'i 24. Taswira kuma ta nuna inda tituna da motoci suka fi yawa nan mutuwar ta fi tsanani. Aka tace wannan ruwan dai ta cikin yashi da takin gargajiya, kifi ya rayu. Ni a ganina nan ne maganar ta fito fili, shekaru kafin a san sunan gubar. Ƙasar daji tana shanye ruwan sama ta tace shi kafin ya isa rafi. Kwalta ba ta shan ko ɗigo, kwata ce ke kwashe komai ta juye kai tsaye. Masana a Jami'ar Washington tun shekarun 1990 sun nuna rafi kan fara lalacewa da zarar kwalta da rufin gidaje sun rufe kimanin kashi 10 na ƙasar da ke ba shi ruwa.

A Disambar 2020 masana Zhenyu Tian da Edward Kolodziej da Jenifer McIntyre da abokan aikinsu suka tsamo sinadarin daga cikin kimanin 2,000 da ke fita daga ɓurɓushin taya. 6PPD ne ke haɗuwa da iskar ozon ya rikiɗe ya zama 6PPD-quinone, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba a litar ruwa ya isa ya kashe coho. Tun daga lokacin hankali ya koma kan taya, jihar Kalifoniya ma ta buƙaci a nemo madadi. Ko da an samu gobe, tayoyin da ke kan titi yau za su yi shekaru suna zubar da ɓurɓushi, kuma mafi yawan tsofaffin titunan yankin an shimfiɗa su ne tun kafin a fara tunanin tace ruwan kwata. Duk Oktoba masu sa kai na komawa rafukan Seattle da dogayen takalman roba da wuƙa.