Koyon gyaran tarakta da manyan injuna: tambayoyi da amsoshi

Tarakta ta mutu a tsakiyar gona ana cikin huɗa, ko injin haƙa ƙasa ya ƙi ɗaga hannunsa a wajen aikin hanya. Kowace awa da ta wuce asara ce. Wanda ake nema a irin wannan lokaci shi ne bakaniken manyan injuna, kuma ga abin da masu sha'awar sana'ar suka fi tambaya.

Me ya raba shi da bakaniken mota?

Na farko, mota ake kai wa bakanike, amma injin girbi ko katafila sau da yawa bakanike ne ke bin su inda suka tsaya, da kayan aikinsa a bayan mota. Na biyu, kusan dukkansu dizal suke sha. Injin dizal ba ya buƙatar fulogi ya ba shi wuta: matse iska yake yi har ta yi zafi, sai a fesa mai ya kama da kansa. A injunan zamani ƙarfin feshin yakan kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), shi ya sa ɗan ruwa ko ƙura a cikin mai ke kashe injekta, wato na'urar da ke fesa man.

Sai haidirolik, wato amfani da matsin mai a cikin tiyo wajen ɗaga kaya. Iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba, amma man da ke motsa hannun injin haƙa ƙasa yakan kai 350.

Shekara nawa ake yi ana koyo?

Ya danganta da ƙasa. A Jamus shekara uku da rabi ne, ɗalibi na raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfanin da ya ɗauke shi. A Kanada kusan shekara huɗu ne, kuma akwai jarrabawar Red Seal wadda ke sa a amince da takardar mutum a sauran lardunan ƙasar. A Amurka kamfanoni na haɗa kai da kwalejoji su yi shirin shekara biyu, irin ThinkBIG na Caterpillar da John Deere TECH, inda ɗalibi ke zuwa aji sannan ya koma garejin dila. Duk cikinsu babu wanda ya raba aji da gareji.

To ba za a iya koya a gareji kaɗai ba, a hannun maigida?

Ana koyon abu da yawa a can, kuma babu littafin da zai koya maka yadda za ka kwance noti mai tsatsa ba tare da ka karya shi ba. Matsalar ita ce gareji na koyar da abin da aka saba gani ne kawai. Ranar da sabuwar cuta ta zo, sai a koma canke: a sauya wannan, in bai yi ba a sauya wancan, mai injin na ta biya.

Ɗauki taraktar da ta kasa ɗaga garma. Mai canke zai ce famfon haidirolik ya mutu, a sayo sabo. Wanda ya koyi aiki zai fara duba yawan man, ya duba filta ko ta toshe, sannan ya ɗaura ma'auni ya ga matsin da famfon ke bayarwa. Idan matsin ya yi ƙasa, zai gwada bawul ɗin da ke sakin matsi kafin ya zargi famfo. Idan kuma garmar na ɗagawa amma tana sauka a hankali da kanta, hankalinsa zai koma kan robar cikin silinda ko bawul mai yoyo. Sau da yawa laifin na ƙaramin abu ne mai araha.

Haka abin yake a ɓangaren lantarki. Na'urorin cikin injin suna magana da juna ta tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A kan wannan tsarin, manyan injuna na amfani da wata ƙa'idar sadarwa mai suna J1939, tarakta da kayan da take ja kuma na fahimtar juna ta wata mai suna ISOBUS. Kwamfuta za ta ba ka lambar matsala, amma lambar na nuna inda ake kuka ne, ba lallai ta nuna abin da ya jawo kukan ba. Takan ce sensa kaza ba ta aiki, alhali waya ce ta goge ko mahaɗi ya yi tsatsa. Karanta zanen wayoyi da na haidirolik shi ne, a ganina, babban abin da aji ke bayarwa wanda gareji bai cika bayarwa ba.

Aikin yana da haɗari?

Sosai. Tiyo mai huji kamar bakin allura na iya harba mai ya huda fata ya shige nama. Raunin kan yi kama da ƙaramin abu, amma yana buƙatar likita nan take, don yakan kai ga yanke yatsa. Shi ya sa da kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba. Sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta kuwa tana juyi 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. In ta kama riga babu lokacin ihu. Kuma ba a shiga ƙarƙashin bokitin injin haƙa ƙasa da matsin mai kaɗai ke riƙe da shi, sai an sauke shi ƙasa ko an tokare da ƙarfe.

Me zan duba kafin in zaɓi makaranta?

Ka shiga garejinta ka gani da idonka. Akwai injin da ke tashi, ko gawa ce kawai aka jera? Akwai ma'aunin matsi da kwamfutar bincike, kuma ɗalibai na taɓa su? Ka tambaya ko suna koyar da na'urorin tace hayaƙi da ruwan AdBlue da ake fesawa cikin hayaƙin don rage gubarsa, wanda kashi 32.5 cikin ɗarinsa yuriya ce, domin sababbin injuna da yawa kan rage ƙarfi da kansu idan wannan ɓangaren ya sami matsala. Ka kuma tambayi wane dila ko kamfani ne ke karɓar ɗalibansu aikin gwaji, da kuma wata nawa suke yi a can.