Gyaran jiki da hannu da daidaita tsayuwa

Gyaran jiki da hannu reshe ne na aikin gashin ƙashi, inda ƙwararre ke amfani da hannunsa wajen tausa tsoka, miƙar da jijiya da motsa gaɓoɓi, sannan ya koya wa majinyaci yadda zai riƙa zama da tsayuwa da ɗaukar kaya. Tushen aikin shi ne cewa inda ciwo ya bayyana ba lallai nan ya samo asali ba. Mai kukan gwiwa, wani lokaci ƙugunsa ne ya yi rauni, ko tafin ƙafarsa ya karkace.

Wannan tunani ya daɗe. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya kafa tsarin ostiyofati, wato gyaran jiki ta hanyar motsa ƙashi da gaɓoɓi da hannu, a 1874, ya kuma buɗe makarantarsa a Kirksville a 1892. A 1895 D. D. Palmer ya fara nasa tsarin na murɗa ƙashin baya. A Faransa kuwa, Françoise Mézières ce ta lura a 1947 cewa tsokokin bayan mutum a sarƙe suke tun daga ƙeya har diddige, in an saki wani wuri sai wani ya ɗaure. Ɗalibinta Philippe Souchard ya gina nasa tsarin a kan haka.

A Najeriya, Legas ce mafarin gashin ƙashi na zamani: a 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi. An kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, hukumar da ke yi musu rajista kuma dokar 1988 ce ta samar da ita. Farfesa Vincent Nwuga na jami'ar Ife ya yi suna a fannin gyaran ƙashin baya da hannu. Yau ana samun wannan kulawa a Igbobi, da asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na Ikeja.

Yadda ake duba mutum shi ne abin lura. A ce ɗan dako ne daga kasuwar Mile 12, wanda ya shekara yana sauke kwandunan tumatir daga mota. Ba a fara da taɓa bayansa. Sai a sa shi ya cire takalmi ya tsaya, a dubi kafaɗunsa ko ɗaya ta fi ɗaya sauka, ya sunkuya, ya tsuguna, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Har gindin silifas ɗinsa akan juya a ga gefen da ya fi cinyewa. Bayan an tausa wurin da ya ɗaure, sai a nuna masa ya riƙa lanƙwasa gwiwa yana jawo kwandon kusa da ƙirji kafin ya miƙe. Direban tirela da ke kwana a layin Apapa, ko tela a Agege, matsalarsu ta zama ce, don haka atisayensu daban.

Sai dai maganar da ake yi cewa wannan aiki na "kawar da ciwo daga tushe" tana buƙatar taka tsantsan, domin masu talla sun fi masana ɗaga murya a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya nuna takamaiman sanadinsa. Bincike bai nuna cewa karkatacciyar tsayuwa kaɗai ke jawo ciwon ba. Rashin barci, damuwa da yawan aiki duk suna da hannu. Tausa da murɗa na kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma atisayen da mutum ke yi da kansa a gida ya fi ɗorewa.

Aikin ya bambanta da na maɗori, wanda ke ɗaure karaya da karare da tsumma. Mai gashin ƙashi ba ya murɗa inda ake zargin karaya, ko ƙashin da ya yi laushi saboda tsufa. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bahaya, na likita ne cikin gaggawa, tun da tarin fuka da sankara kan kama ƙashin baya.