Ma'anar 2.4G da 5G da kake gani jikin sunan wifi, da abinda yake hana hob ɗin gida kamawa

Satin da ya wuce kawuna ya kirani daga Yelwa nan Garwa, yace ɗana zo ka dubamin wannan kayan, inaga an cuceni. Ya sayo kamera biyu da ampul masu kunnuwa da telefon da ƙananan abubuwan nan da ake mannawa a ƙofa suna sanar da kai in an buɗe, sai wata ƴar akwati fara da bata kai sabulun wanka girma ba, wadda ake cema hob. Ita hob ɗin itace uwar garke, ƙananan kayan da ita suke magana, ita kuma ta kai maganar wajen boks ɗin wifi, daga nan ta hau intanet ta iso telefon ɗinka ko kana Duwala. Kwana uku yana fama, aplikasiyon ɗin sai tayi ta juyawa tana lissafi har ta kusa ƙarshe sai ta faɗi tace an kasa. Ya canza kod, ya sayi sabon forfe, ya cire wuta ya mayar, shiru. Kuma kayan nan lafiyarsu ƙalau wallahi. A jikin kwalin hob ɗin an rubuta ƙanana ƙanana cewa 2.4GHz kawai take yi, shi kuma telefon ɗinsa yana kan wifi mai 5G a ƙarshen suna, don a ganinsa biyar ta fi biyu da ɗigo huɗu, kuma ai kowa haka zai ɗauka.

Toh wannan kalmar nakeso in warware, don na gaji da ganin mutane suna maida kaya masu kyau wa mai butik ana rigima akan abinda minti goma zai gyara.

Giga uku ne suka cakuɗe mana a baki. Akwai gigar forfe, wadda kake saya wajen MTN ko Orange ko Camtel, wannan mudu ce, awo ne na yawan abinda zaka sauke kafin a yanke ka. Akwai 5G na rezon telefon, shi G ɗinsa ba giga bane sam, zuriya ce, wato zubi na biyar bayan 2G da 3G da 4G. Sai ta ukun wadda muke magana a kai, gigahas, ana rubuta ta GHz, ita kuma awon saurin kaɗawar igiyar rediyo ce. Masu haɗa boks sun gajarta 5GHz suka rubuta 5G jikin sunan wifi, daga nan ruɗanin ya samo asali. In kaga wifin gidanka ya fito kashi biyu, ɗaya sunan kawai ɗaya da 5G a wutsiya, ba wai ka samu rezo zubi na biyar bane, boks ɗinka ne yake watsa tasha biyu.

Wifi rediyo ne, wannan shine abinda in ka riƙe komai zai zo da sauƙi. Wanda ya taso ya tarar da kakansa yana murɗa akwatin rediyo da asuba yana neman BBC Hausa akan mita 49 ko mita 31 ya riga ya san karatun nan bai dai san ya sani ba. Mitocin nan tsawon zangon igiyar ne, kuma duk sanda zango ya gajarce to kaɗawar ta ƙaru. Mita 49 wajen kaɗawa miliyan 6 ce a daƙiƙa ɗaya. Tashoshin FM suna tsakanin miliyan 87.5 zuwa 108, zangonsu wajen mita 3. Shi has ɗin sunan mutum ne, Heinrich Hertz, wani Bajamushe da ya nuna a gwaji cewa igiyoyin rediyo gaskiya ne a shekarun 1887 da 1888, has ɗaya na nufin kaɗawa ɗaya a daƙiƙa. Ko kuran ɗin da ke zuwa mana daga Lagdo has 50 ne, duba bayan cajarka zaka gani an rubuta. Toh 2.4GHz kaɗawa biliyan biyu da miliyan ɗari huɗu kenan a daƙiƙa, zangonta wajen santimita 12 da rabi, bai kai taƙi ɗaya ba. 5GHz kuma zangonta wajen santimita 6 ne, tsawon ƙaramin yatsa.

Me wannan ya shafe ka da shi? Ka tuna in ana biki a kartiye an kafa manyan bafil, kai kana ɗaki ka rufe ƙofa, dum dum ɗin gangar ne yake ratso bango ya iso ka, muryar mai waƙa kuwa sai ka fito tsakar gida. Kwatanci ne kawai amma ya kusa. 2.4 itace dum dum ɗin, tana tafiya nesa, tana daure bango, amma bata ɗaukar kaya da yawa kuma hanyarta a cushe take. 5 tana da faɗin hanya da gudu, bidiyo baya tsayawa, amma bango biyu na bulon siminti sun isa su karya mata gwiwa, balle dal mai rodi a ciki ko ƙofar ƙarfe. Irin gidajenmu kuma kun sani, zaure daban, sashen maigida daban, ɗakunan mata can ciki, ga tankin ruwa a tsakiya, shi ruwa ma yana shanye igiyar. Kamera da aka kafa a bakin get bata da abinda zatayi da 5.

Shi yasa masu ƙera waɗannan ƙananan kaya suka tsaya akan 2.4. Ampul ba fim yake kallo ba, abinda yake jira kawai a ce masa kunnu ko mutu, ƴan haruffa ne. Kuma ƙwayar lantarkin da ke kama wifi a cikinsu mai araha ce, da yawansu irin ESP8266 ce ta kamfanin Espressif na Shanghai da ta fito wajen 2014, ko ƴan uwanta, kuma ita kunnenta 2.4 kaɗai yake ji. Ba wai siginar 5 tana mata rauni bane, a'a, bata ma san akwai ta ba, kamar ka nemi tashar FM da tsohuwar rediyo mai gajeren zango kaɗai. Duk matsowar da zakayi da ita kusa da boks aikin banza ne.

Ita 2.4 ɗin dama tsohuwar hanya ce. A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta buɗe ta ga kowa ba sai da lasisi ba, ƙa'idar wifi ta farko ta fito 1997, a 1999 aka samu wadda ta yaɗu akan 2.4 da wata akan 5. Tunda hanyar kyauta ce kowa ya afka ciki. Bluetooth a nan yake, Zigbee da mafi yawan hob ke magana da ƙananan kayansu a nan yake, har murhun ɗumama abinci mai lantarki da ake cema microwave a 2.45 yake aiki.

Yanzu yadda haɗawar take lalacewa. Hob sabo bashi da allo bashi da madannai, bazaka iya rubuta masa kod ba, don haka aplikasiyon ɗin, ko Smart Life ce ko Tuya ko wata, itace take ɗaukar sunan wifin da telefon ɗinka yake kai ta miƙa masa tare da kod. In telefon na kan mai 5G, an bashi adireshin gidan da bazai taɓa ganin ƙofarsa ba. Wannan shine na kawu, muka sauya telefon zuwa ɗayan sunan, muka danne maɓallin hob har fitilarsa ta fara ƙyaftawa da sauri, ko minti biyu ba ayi ba ya kama.

Wanda yafi wahalar ganewa shine boks ɗin zamani da ya haɗe tashoshin biyu ƙarƙashin suna ɗaya, yana zaɓa wa kowace na'ura da kansa. A TP-Link ana kiran abin Smart Connect, wasu kamfanonin da wani sunan. Kai suna ɗaya kake gani, ka rantse kana kan daidai, alhali boks ya tura telefon ɗinka kan 5 don kana tsaye kusa dashi, kuma sau da yawa a nan haɗawar take mutuwa. Maganin shine ka shiga cikin boks ɗin, ka juya shi ka duba takardar da ke manne a ƙasa, akwai adireshi irin 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, na Huawei galibi 192.168.8.1, ka rubuta a burawuza, ka shiga parametir na wifi ka kashe haɗewar, ka ba kowace tasha sunanta. Ni nakan bar tsohon sunan wa 2.4 in ƙara 5G a ɗayan don kayan da suka riga suka kama kar su ɓace. In kana tsoron taɓa sunayen, kashe 5 ɗin na ɗan lokaci ka gama haɗawa ka mayar. Wasu ma fita suke da telefon can bakin zaure inda 5 bata kaiwa don telefon ya koma 2.4 da kansa, yana yi wani lokacin, amma ni ban fiya son dabarar ba don bata da tabbas.

Ga wani abu da yake sa mutane zargin mai butik. A kasuwa ya gwada maka da ƴar mifi ta aljihu ta kama nan take, ka zo gida ta ƙi. Da yawan ƙananan mifin nan 2.4 kaɗai suke watsawa shi yasa. Amma suma suna da iyakar mutanen da suke ɗauka, wasu 10 wasu 16, in yaran gida da maƙota sun cika ta hob bazai samu wurin zama ba ko da komai daidai ne. Mai amfani da telefon a matsayin wifi kuma ya duba wajen partaj ɗin, Android na da inda ake zaɓar 2.4 ko 5, a iPhone daga 12 zuwa sama akwai Maximiser la compatibilité, in ka kunna shi ya koma 2.4.

In ka tabbatar kana kan 2.4 kuma har yanzu ya ƙi, to ƙananan abubuwa ne suka rage. Ka bar aplikasiyon ta ga lokalizasiyon da Bluetooth, mutane suna hanawa don tsoro kuma na fahimce su, amma telefon baya barinta ta karanta sunan wifi in babu wannan izinin. Tsaron wifin ya zama WPA2, don WPA3 da ya fito 2018 tsofaffin ƙwayoyi basu san shi ba. Sunan wifi da kod a cire musu haruffan Faransanci masu alama a ka da su emoji, wasu kayan suna tuntuɓe a kansu. In ƙyaftawa da sauri ta ƙi, sake danne maɓallin har ta koma a hankali, a nan na'urar zata buɗe ɗan wifinta mai suna kamar SmartLife da wasu lambobi, ka shiga shi kai tsaye ka bata kod hannu da hannu, wannan hanyar ta fi jinkiri amma ta fi amana.

Sai maganar kanal, ita nafi so mutanen cikin gari su gane. Ita 2.4 an yanka ta layi layi, 1 zuwa 13 a yawancin duniya, a Amurka 1 zuwa 11. Layukan suna hawa kan juna, guda uku ne kawai basa taɓa juna, 1 da 6 da 11. In boks ɗinka yana kan otomatik ya je ya zauna kan 12 ko 13, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bazai ganshi ba kwata kwata, yau ya kama gobe bayan an ɗauke kuran an dawo boks ya sauya layi shikenan ya ɓace, kai kuma kana ta zagin rezo. Ka kafe shi akan ɗaya daga cikin ukun nan. A wajen kasuwa ko gidan haya inda wifi goma sha ke fitowa a telefon, gwada ukun ɗaya bayan ɗaya kaga wanda yafi sarari.

Kuskuren da kawu ya sake yi bayan ya kama, ya ɗauki hob ɗin ya ɗora kan boks kai da kai don su ji juna da kyau. Su biyun a 2.4 suke ihu, wifi kuma muryarsa tafi ta Zigbee ƙarfi nesa ba kusa ba, sai abin ƙofar zaure ya dinga ɓacewa yana dawowa. Muka raba su da kamar mita ɗaya da rabi, muka ɗaga hob ɗin sama muka fitar dashi daga bayan talabijin. In naka hob ɗin yana da ramin waya irin na kwamfuta to ka huta, ja waya daga boks ka soka, duk maganar 2.4 da 5 tsakaninsa da boks ta ƙare. Kuma kayan Zigbee masu cin kuran kai tsaye kamar priz suna miƙa wa juna saƙo, masu batir basa yi, don haka priz ɗaya a tsakiyar hanya tsakanin falo da zaure yana ƙara nisa sosai. Muka sa masa ɗaya a baranda, na roƙe shi kar a dinga zare ta ana saka cajar telefon.

Da zan tafi yace to ɗana ita 5G ɗin a kashe ta kenan tunda bata da amfani? Nace a'a kawu, a bar ta, telefon ɗinka da talabijin da kwamfutar yara duk a maida su kanta in suna kusa da boks, su rage wa 2.4 cunkoso, kamera da hob da ampul su sha iska a tasu hanyar. Abinda ya rage masa yanzu ƙaramin ondile ne da zai riƙe boks da hob in an ɗauke kuran, don kamerar get ɗin tana kan batirin sola amma boks ɗin da zai kai hotonta telefon yana mutuwa tare da wutar gida.