Mene ne kolajin, kuma me ya haɗa shi da fatar kifi?

Masu tallan man shafawa da garin gyaran fata a WhatsApp ne suka shigo da kalmar kolajin bakin mutanen Kano, har wasu suka ɗauka sunan kayan kwalliya ne. Alhali furotin ne da ke jikin kowa, shi ke riƙe fata da jijiya da ƙashi, kuma ya kusa kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikin ɗan Adam. Idan farfesun ƙafar saniya ya kwana aka tarar romon ya daskare, kolajin ne wuta ta narkar.

Likitoci na buƙatarsa wajen rufe ƙuna da gyambon masu ciwon suga, domin sabuwar tsoka na samun abin kamawa a jikinsa. An daɗe ana ciro shi daga shanu da aladu. Na alade dai Musulmi ba sai an yi masa bayani ba, na shanu kuwa cutar haukan shanu da ta ɓulla a Ingila a 1986 ta sa aka fara ɗari-ɗari da shi. Sai hankali ya koma kan fatar kifi, wadda masana'antu ke zubarwa.

Aikin ciro kolajin daga fatar kifi na son haƙuri. A kankare ɓawon, a jiƙa fatar a ruwan soda mara ƙarfi, a cire kitsen, sannan a tsoma ta cikin asid irin na ruwan khal na kwana biyu ko uku. Kolajin ya narke, a zuba gishiri ya taru, a tace, a busar. Duk a sanyin digiri 4 ake yi, don na kifi ba ya jure zafi kamar na shanu. Nan fa gizo ke saƙar ga mai son gwadawa a Kano, da zafinmu da halin wutarmu, ko da karfasar Tiga da tarwaɗar masu kiwo sun wadata.

A Fortaleza ta ƙasar Burazil ma likitoci ba sa wannan dogon zagayen: fatar karfasar suke tsabtacewa su shimfiɗa kan ƙuna. Kamfanin Kerecis na Aislan kuma da fatar kifin teku yake nasa.

Wani abu da 'yan talla ba sa faɗa: don a samu kolajin da yawa, akan ƙara fefsin, sinadarin narkar da abinci, wanda galibi daga tumbin alade ake samo shi. Saboda haka ganin hoton kifi a kwali bai wadatar ba, sai an binciki yadda aka sarrafa.