Waiwaye: Yadda zane da kiɗa suka koma cin sadaka a makarantun Amurka

A shekarar 1975 birnin New York ya kai bakin tsiyacewa. Bashi ya yi masa katutu, bankuna suka ƙi ƙara masa rance, sai aka sallami dubban malamai daga makarantun gwamnati. Malaman zane da na kiɗa na cikin waɗanda guguwar ta fi kwasa, don a idon masu kasafi darasinsu ƙawa ce kawai.

Wata attajira mai tara kayan fasaha, Agnes Gund, ta ga labarin a jarida, ta kafa ƙungiyar Studio in a School a 1977. Dabararta mai sauƙi ce: a tara gudummawa, a biya ƙwararrun masu zane su shiga aji su koyar. A Kalifoniya kuwa, masu zaɓe sun amince da dokar Proposition 13 a 1978, wadda ta taƙaita harajin gidaje da filaye, alhali da harajin nan makarantu suka dogara. Nan ma kan fenti da ganga wuƙar ta fara sauka.

Daga nan riƙon ƙwarya ya zama zaman dirshan. Ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, ana liyafar neman taimako, ana gwanjon zane-zane. Cikinsu wadda ta fi burge ni ita ce Save The Music, da tashar talabijin ta VH1 ta assasa a 1997. Takan ba makaranta kayan kiɗa, amma da sharaɗin hukuma ta ɗauki malami ta riƙa biyansa albashi. Sun gane cewa in ka ɗauke wa gwamnati kaya gaba ɗaya, ba za ta sake kai hannu ba.

Sai ga dokar No Child Left Behind, wadda shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002. A takarda ta lissafa fasaha cikin manyan darussa, amma da jarrabawar karatu da lissafi ake auna makaranta a lokacin. Shugaban makarantar da ke tsoron faɗuwa ya san sa'ar da zai yanke. Gudummawa kuma ba ta raba daidai: iyayen unguwar masu hali sukan haɗa albashin malamin kiɗa cikin sauƙi, na unguwar talakawa sai dai su jira a tuna da su.

Wannan ne ya sa masu fafutuka suka karkata daga roƙo zuwa neman doka. A 2015 dokar Every Student Succeeds Act ta ambaci kiɗa da fasaha cikin abin da ta kira cikakken ilimi. A Nuwamban 2022, Austin Beutner, tsohon shugaban makarantun Los Angeles, ya jagoranci ƙudurin dokar Proposition 28, masu zaɓen Kalifoniya suka amince. Ta ware kusan dala biliyan 1 duk shekara daga baitulmalin jiha, kuma a manyan gundumomi dole kashi 80 cikin 100 ya tafi ga ɗaukar masu koyarwa.

Dokar ta ce kuɗin ƙari ne, kada a maye gurbin tsohon kasafi da su. Duk da haka, a 2025 Beutner da wasu iyaye sun kai hukumar makarantun Los Angeles kotu, suna zarginta da yin abin da aka hana.